Idan Banki Ya Toshe Asusu, Lokaci Ne Ke Salwanta

Duk wanda banki ya taɓa hana shi taɓa kuɗinsa ya san maganar da ake tarar sa da ita a bakin taga: “Alhaji, kwantar da hankalinka, kuɗinka na nan, ba abin da ya same su.” Maganar gaskiya ce a lissafin banki, domin lambar da ke rubuce a asusun ba ta ragu da ko dala ɗaya ba. A lissafin manomin Urafan ko ɗan kasuwar hatsi na Kanembakashe kuwa, maganar ba ta da nauyi, saboda a ƙasar Tasawa da Mayahi darajar kuɗi tana tafiya ne da watan da suka shigo hannu. Jika hamsin a farkon damina taki ne da ladan ƴan ƙwadago, ita ce kuma ke raba gonar da ta yi kyau da wadda ciyawa ta cinye. Jika hamsin ɗin nan idan aka sako ta bayan an ɗaure damma, ta zama kuɗin biyan bashin da aka ci saboda rashinta. Don haka abin da ke salwanta idan an toshe asusu shi ne lokaci, kuma duk shawarar da za a ba mai ajiya, da duk haƙƙin da za a nema daga banki da hukuma, ya kamata a auna su da tambaya guda: kwana nawa mutum zai iya yi ba tare da kuɗinsa ba, kuma wa zai ɗauki asarar waɗannan kwanaki?

Shekarar 2023 ta isa hujja. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ranar 30 ga wata kuma shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ƙungiyar UEMOA ta bi sahu. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da hulɗar kuɗi da ciniki, aka daskarar da kadarorin gwamnatin Nijar da ke babban bankin BCEAO, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba ƙasar. A kan takarda gwamnati aka nufa, babu inda aka ambaci sunan malamin makarantar firamare na Maijirgi ko ma'aikaciyar jinya ta Mayahi. Amma cikin ƴan kwanaki layi ya miƙe a ƙofofin bankuna, aka ƙayyade abin da mutum zai iya cira, wanda ya zo neman albashinsa ya koma da wani yanki nasa ko da “a dawo gobe”, mai son aika wa abokin cinikinsa kuɗi a Kwatano ko Lome ya ga hanya ta toshe. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, wato kusan wata bakwai, kuma ƙarancin takardun kuɗi bai gushe da ɗage shi nan take ba. Babu alƙalin da ya yanke wa waɗannan mutane hukunci, babu wanda ya tuhume su da laifi, amma abin da ya same su bai da bambanci da na wanda aka kulle wa asusu da gangan.

Fahimtar yadda hakan ya faru ita ce matakin farko na kare kai. Mutane da yawa suna ɗaukar banki tamkar ɗakin ajiya, inda kuɗin kowa ke ɗaure a wuri guda yana jiran mai shi. A zahiri abin da ka zuba bashi ne ka ba banki, shi kuma ya ranta wa ƴan kasuwa da ma'aikata da gwamnati, ya bar kaɗan a akwati don masu cira na yau da kullum. Idan akwatin ya yi ƙasa, sai ya nufi BCEAO, wanda hedikwatarsa ke Dakar, yake kuma da reshe a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya karɓo takardun kuɗi. Da takunkumi ya taɓa wannan hanya, sai ruwa ya ƙafe tun daga tushe. Gwamnati, wadda bankunan yankin suka ranta wa maƙudan kuɗi, ta kasa biyan bashinta a kasuwar kuɗi ta UEMOA, har abin da ya taru ya haura sefa miliyar 300 kafin a ɗage takunkumin. Ƴan kasuwa kuma da suka ga cira ta yi wuya sai suka daina zubawa, kowa ya riƙe cinikinsa a gida, abin da ya ƙara busar da akwatunan. Ma'aikacin da ke zaune bayan taga a wani reshe na jihar Maraɗi ba shi da iko kan ko ɗaya cikin waɗannan, shi ya sa faɗa da shi ba ya fitar da ko sisi.

A dubi watan da abin ya faɗo. Ƙarshen Yuli da Agusta su ne tsakiyar damina, lokacin da rumbunan yawancin gidaje suka yi ƙasa, tiyar gero ta kai ƙololuwar tsada, ana tsakiyar maimai, zazzaɓin cizon sauro kuma ya cika asibitoci da yara. Magidancin da kuɗinsa suka maƙale a irin wannan lokaci hanyoyi uku ne a gabansa, kuma kowace tana da tsada. Ko ya ja jar akuya zuwa kasuwa ya sayar a farashin da dillali ya ga dama, tunda kowa ya ga fuskarsa ya san matsuwa ce ta kawo shi. Ko ya ci falle, ya karɓi kuɗi yanzu a kan zai biya da damman gero ko buhun wake da kaka, a farashin da bai kai na kasuwa ba. Ko kuma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don a samu na tuwon dare, ciyawa ta yi yadda ta ga dama da tasa. Idan banki ya sako kuɗin bayan wata uku, akuyar ta tafi, an riga an yi alƙawarin damman, amfanin gonar ya ragu. Babu inda za a rubuta wannan asara a takardar asusu, babu kuma wanda zai biya ta, alhali ita ce ainihin abin da toshewar ta ci.

Yankin bai gama farfaɗowa daga wani bugun ba ma lokacin da wannan ya zo. Tasawa da Mayahi suna numfashi da kasuwannin Najeriya: wake da riɗi da dabbobi suna gangarawa Jibiya da Mai'aduwa da Dawanau ta Kano, matasa suna tafiya ci-rani, naira kuma tana yawo a kasuwannin kudancin yankin kafaɗa da kafaɗa da sefa. A Oktoban 2022 babban bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin takardu suka yi ƙaranci, wanda ya zuba tsofaffi a banki ya kasa cire sababbi, wanda ya riƙe su a gida kuma ya ga ana ƙin karɓa, har sai da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. Ɗan Nijar mai ciniki da naira, wanda sau da yawa ba shi da asusu a can, ko yake amfani da na wani aboki saboda ba shi da lambar shaidar banki ta BVN, shi ne ya fi kowa shan wuya. Darasin da ke cikin haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a shekara guda yana da muhimmanci: a watan Fabrairu har wanda ya ɓoye kuɗi a gida ya yi kuka, a watan Agusta kuma wanda ya kai banki. Babu ma'ajiya guda da ta tsira daga duka biyun.

Ban da irin wannan annoba da ke faɗa wa kowa, akwai toshewar da ke samun mutum shi kaɗai, kuma ita ce ta fi yawa a shekarun da babu rikici. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke ta abu guda, alhali iri-iri ce, kowace da ƙofar da ake bi a warware ta. Mafi sauƙi ita ce ta takardu: katin ɗan ƙasa ya ƙare, ko sunan da ke katin ya saɓa da wanda aka buɗe asusu da shi. Wannan matsala ta zama ruwan dare a karkara, inda mutum guda zai zama Mahamadu a takardar haihuwar da kotu ta ba shi, Mamman a katin zaɓe, Mamane a rubutun Faransanci na banki, shekarar haihuwarsa kuma ƙiyasi ce aka yi. Dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram sun wajabta wa banki ya san abokin hulɗarsa, don haka da zarar na'ura ta ga saɓani sai ta tsayar da asusun. Maganinta ba ya wuce sabunta kati da daidaita suna, amma ga mutumin Cake ko Gidan Amumun wannan na nufin kuɗin mota zuwa babban gari, jiran sa hannun wani jami'i, sannan jiran amsa daga Yamai, inda ake yanke yawancin irin waɗannan shawarwari. Aikin da zai ɗauki mako guda da rani, lokacin da babu abin da ke jira a gona, shi ne ke cinye rabin damina idan aka bari sai an toshe.

Iri na biyu shi ne wanda kotu ko hukumar haraji ta umarta. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, kuma a ƙarƙashinsu mai bin bashi da ke riƙe da hukuncin kotu yana iya sa a kama kuɗin wanda yake bi a hannun banki. A nan bankin ba shi da zaɓi, idan ya bari kuɗin suka fita shi za a bi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ta ba wanda aka kama wa kuɗi kariya mai wa'adi: dole a sanar da shi a rubuce cikin kwana takwas, in ba haka ba kamun ya faɗi, shi kuma yana da wata guda daga ranar sanarwa ya kai ƙorafinsa gaban alƙali. Idan albashi ne, wani kaso kawai doka ta yarda a taɓa, saura na ciyar da iyali ne. Sai dai takardar tana zuwa da Faransanci, mai ita ya ninke ta ya sa a aljihu, ya shafe makonni yana neman wani babba da zai yi masa magana da manajan banki, har wa'adin ya wuce, a miƙa kuɗin ga mai bin bashi. Wanda ya samu irin wannan takarda, abin da ya fi masa amfani shi ne a ranar ya nemi mai karanta masa ita, ya lura da kwanan watan da ke jiki, ya nufi kotu. Marar ƙarfi yana iya tambayar ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa don taimaka wa talakawa a harkar shari'a.

Iri na uku ya fi ban tausayi, domin yana zuwa ne a kan makoki. Da zarar banki ya samu labarin rasuwar mai asusu sai ya kulle shi, ba zai buɗe ba sai an kawo takardar shaidar mutuwa, da takardar da ta tantance magada, da sakamakon zaman dangi da kotu ta amince da shi, wanda ya naɗa wakili. Hikimar a fili take, wato kada ɗa guda ya kwashe rabon marayu. Amma a gidan da mai shi ya rasu da damina ya bar mata da ƙananan yara, watannin da ake ɗauka ana haɗa takardun nan watannin yunwa ne. Mafi muni shi ne inda mamacin bai taɓa gaya wa kowa yana da asusu ba, saboda al'adar ɓoye samu. Dokar UEMOA kan asusun da aka daina taɓawa ta ce idan ya shekara 10 babu motsi a miƙa kuɗin ga BCEAO, idan kuma aka kai shekara 30 babu wanda ya nema, haƙƙin ya faɗi. Shari'ar Musulunci ta kwaɗaitar da rubuta wasiyya da rubuta bashi, kuma rubuta sunan banki da lambar asusu a takarda guda, a damƙa wa amintacce, yana cikin wannan babi. Iri na huɗu shi ne na zargi: kuɗi masu yawa sun shigo asusun da bai saba ganinsu ba, banki ya kai rahoto ga hukumar CENTIF mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, aka tsayar da fitarsu. Ɗan kasuwar da ya sayar da tirelar wake, ko wanda ɗansa ya aiko masa daga wurin haƙar zinariya a Jado ko daga Libiya, yana iya faɗawa nan ba tare da laifin komai ba, kuma abin da ke fitar da shi da wuri shi ne shaidar asalin kuɗin: rasit, takardar kwastan, sunan wanda ya aiko.

Idan an yarda cewa lokaci ne ke salwanta, to dabarar ajiya ta fito fili, wato a raba dukiya gwargwadon ranar da za a buƙace ta. Abin da gida zai ci daga shuka zuwa girbi bai kamata ya dogara da sa hannun kowa ba, wurinsa rumbu ne, da ɗan abin da zai isa magani da ƙwadago a hannu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da za a buƙata cikin wata biyu ko uku yana iya zama a adashi, ko asusun ƙungiya, ko a waya, ko wurin kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, waɗanda rassansu suka fi na banki kusa da ƙauye. Abin da ba za a taɓa ba sai shekara ta zagayo, kamar kuɗin aikin hajji ko na gini ko jarin sayen kaya da kaka, shi ne ya dace da banki, domin ko an tsayar da shi wata guda ba a kwana da yunwa. Jihar Maraɗi ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. A nan ne a 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda mata ke zuba kuɗi mako-mako a akwati, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango, tsarin da daga baya ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Haka kuma tsarin jinginar da amfanin gona a ma'ajiya, wanda hukumar FAO ta yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, yana ba manomi rance da kaka a kan buhunansa, ya karɓe su lokacin da farashi ya tashi. Duka biyun an gina su ne a kan kalandar manomi, abin da banki bai cika kulawa da shi ba.

Wani zai ce, in haka ne me ya kai mutum banki tun farko? Iyayenmu sun rayu da rumbu da garke, kuma tsofaffi ba su manta da rushewar bankin BDRN a 1990 ba, lokacin da masu ajiya da yawa suka daɗe suna bin haƙƙinsu. Wannan magana tana da tushe, amma ta manta da rabin tarihi. Rumbu yana cin wuta, dabba tana mutuwa, kuma a shekarar yunwa irin ta 2005 farashin dabbobi ya faɗi warwas a daidai lokacin da hatsi ya yi tsada, wanda ya tara dukiyarsa duka a garke ya ga ta narke. Ƴan bindigar da suka addabi Madarunfa da Gidan Runji sun nuna abin da ke samun gidan da aka san ana ajiye kuɗi a cikinsa. Sauya takardun naira ya nuna cewa kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ma gwamnati na iya kashe su da sanarwa guda. Sannan an samu canji tun bayan zamanin BDRN: yanzu akwai asusun lamunin ajiya na UMOA, wato ƙasashen yankin masu amfani da sefa, wanda idan banki ya rushe yake biyan kowane mai ajiya har sefa miliyan 1 da jika 400, idan kuma ƙaramar cibiyar rance ce har jika 300. Wannan adadi ma darasi ne, domin yana gaya wa mai miliyan biyar cewa ya raba su gida huɗu. A lura kuma, lamunin na rushewar banki ne kawai, ba ya biyan wanda aka tsayar wa asusu ko wanda ya tarar da akwati babu kuɗi.

Wani kuma zai ce batun bai shafi talaka ba, tunda binciken Bankin Duniya ya nuna cewa manyan da ke da asusu a Nijar ba su kai biyu cikin goma ba, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci. Lissafin daidai ne, fassararsa ce ta karkace. Asusu guda a garin Tasawa ba na mutum guda ba ne. Albashin malami guda yana ciyar da gidansa da na mahaifinsa a ƙauye, yana biyan mai shagon da ke ba shi bashi har ƙarshen wata. Asusun babban ɗan kasuwar hatsi shi ne ke sa ƴan awo su fito da kuɗi ranar kasuwa, idan ya tsaya sai mai tiya biyar ta riɗi ta koma gida da kayanta ko ta sayar a wulaƙance. Wakilin kamfanin aika kuɗi ma daga banki yake cika akwatinsa, shi ya sa a 2023 wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba ya je karɓar saƙon ɗansa aka ce masa babu kuɗi ko babu rezo. Ƙarancin masu asusu yana ƙara wa toshewa nauyi ne, domin kowane asusu yana ɗauke da bakuna masu yawa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta bankunan kansu: doka muke bi, idan ba mu tsayar da asusun da ake zargi ba Hukumar Kula da Bankuna ta UMOA da ke Abijan za ta hukunta mu, kuma a yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane da masu ɗaukar nauyin ta'addanci, sa ido kan kuɗi kariya ce ga kowa. Babu mai hankalin da zai musa wannan. Amma bin doka bai hana banki abubuwa uku ba. Na farko, ya gaya wa mutum a rubuce, a kuma bayyana masa da Hausa, wane irin toshewa ne da takardun da ake buƙata, in ban da inda doka ta hana bayyana dalili. Na biyu, ya sa wa kansa wa'adi, ya kuma ba reshe ikon warware ƙananan matsalolin takardu ba sai an jira Yamai ba. Na uku, ya daina cire kuɗin kula da asusu a watannin da shi ya hana mai shi amfani da asusun. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma bankin da ke juya ajiyar mutane yana cin riba ya ɗauki nauyin yi musu bayani. BCEAO ya riga ya nuna cewa ana iya tilasta irin wannan, domin tun 1 ga Oktoban 2014 ya wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka kyauta, ciki har da buɗe asusu da rufe shi. Wanda ya iya hana karɓar kuɗin buɗe asusu zai iya sa wa'adin buɗe wanda aka toshe.

Ga hukumomi kuwa, tambayar ta fi girma. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma har yanzu suna cikin UEMOA, sefa ce kuɗinsu, BCEAO ne babban bankinsu, don haka hanyar da aka bi aka matse Mali a 2022 da Nijar a 2023 tana nan. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi kan juyin mulki ko kan makomar sefa, akwai ƙa'idar da ya kamata kowa ya amince da ita: rikicin shugabanni kada ya hana magidanci kuɗin abincinsa. Ko a ƙasar Girka, lokacin da aka rufe bankuna na mako uku a 2015, an bar kowa ya cire yuro 60 a rana, an kuma sanar da ƙa'idar a fili, kowa ya san matsayinsa. Ƙayyadewa mai ƙa'ida da aka sanar ta fi ta ɓoye sauƙin ɗauka, domin inda babu ƙa'ida sanayya ce ke aiki, mai hanya ya shiga ta baya ya cire miliyoyi, malamin ƙauye ya wuni a rana ya koma hannu rabbana. Hukumomin gari da sarakunan gargajiya na Tasawa da Mayahi ma suna da rawar takawa, ta hanyar shirya zaman yin takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa a ƙauyuka da rani, da amfani da gidajen rediyon al'umma wajen bayyana wa mutane wa'adin kwana takwas da na wata guda.

Wanda abin ya riga ya same shi, kada ya ɓata makon farko wajen zagi ko neman ɗan tsakiya mai cewa ya san wani a ciki, kada kuma ya ba kowa lambar sirrinsa ta waya da sunan za a buɗe masa asusu, domin ƴan damfara sun fi samun kasuwa a wurin wanda hankalinsa ya tashi. Ya tambayi reshe wane iri ne cikin huɗun nan, ya rubuta ƙorafi ya karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, ya sanar da masu bin sa bashi da wuri kafin su ji a bakin wani, ya kuma roƙi masu aiko masa kuɗi su canza hanya kafin a warware. Wanda abin bai same shi ba tukuna, ya duba ranar ƙarewar katinsa tun da rani, ya daidaita sunansa a takardu, ya gaya wa mutum guda amintacce inda ajiyarsa take, ya kuma tabbatar cewa abincin gidansa daga shuka zuwa girbi yana wurin da hannunsa zai kai ba tare da izinin kowa ba.